Majemin Da Ya Ce Da Godiya

Ka ce ba za ka je taron jin ra'ayin ba, wai ka gaji da masu tambaya. Ban ga laifinka ba, ni ma kunnena ya cika da su. Amma zauna ka ji abin da ya sami wani majemi.

Mutumin nan ya gaji majemarsa daga mahaifinsa, can bayan gari kusa da mayanka. Jima kuwa sana'ar ruwa ce: a jiƙa fata, a wanke ta daga toka, a tsoma ta a ruwan bagaruwa, a sake wankewa. Duk ruwan nan daga rijiya ɗaya yake fitowa, rijiyar kuma ta fara ja da baya. Da can guga kan fito yana ambaliya, yanzu sai ya fito rabi, rabin ma da laka. Ya yi ta ƙara wa igiya tsawo har ƙulli ya ishe shi. Ya san ranar da rijiyar ta ƙafe majemar ta mutu, amma ko matarsa bai gaya wa ba, don in dillalai suka ji, kwashe fatunsu za su yi su kai wani wuri.

Ana nan sai hukuma ta yi shela cewa za ta gwada wata sabuwar hanyar sanin halin da masu sana'a ke ciki. Ba irin binciken nan ba ne da kafin sakamakonsa ya fito an yi jana'izar wasu daga cikin waɗanda aka tambaya. Wannan na gaggawa ne: kowane mako a bugo waya, a yi tambaya a taƙaice, inda aka ga an fi shiga ƙunci a fara kai ɗauki can. Kafin a soma, aka tara mutane a rumfar kasuwa su faɗi yadda suke so a yi, me za a tambaya, kuma da wane lokaci. Majemi ya je don sarkin kasuwa ya aiko, ba don ransa na so ba. Ya ga irin waɗannan masu tambayar da yawa. Sun zo, sun leƙa ramukan jimarsa suna toshe hanci, sun tafi, ko sallamarsu bai sake ji ba.

Matar da ke jagorantar taron ta karanta tambayar da suka shirya: yaya sana'a a wannan mako? Majemi ya yi dariya a ransa. Ya san mutanensa, ko gidan mutum na ci da wuta, in ka ce masa yaya aiki, da godiya zai ce maka. Ya san kuma hantsin da suka zaɓa don bugo waya shi ne daidai lokacin da dillalai ke tsaye a kansa. Maganar har ta zo bakinsa, cewa a tambayi ruwa daban, wuta daban, kowane abu da sunansa, a kuma kira bayan la'asar sa'ad da mutum ya kaɗaice. Amma rana ta take, gwiwarsa na ciwo, ga fatu ya baro a jiƙe, ga shi bai yarda za a yi komai ba ko da ya faɗa. Da aka zo kansa sai ya ce duk yadda aka yi daidai ne, ya karkaɗe rigarsa ya yi gaba.

Haka kuwa aka yi. Duk mako da hantsi waya ta yi ƙara, ya goge hannu a gefen riga ya ɗauka, dillali na kallon bakinsa, ya ce da godiya. Wani makon ma har da ƙari, ya ce sai hamdala. A tsallaken titi akwai masu wankin mota, samari marasa kunyar kuka, su kuwa duk kira sai sun ce ba ruwa, ba ruwa, har mai tambaya ya haddace muryarsu. Kafin bazara ta ƙare motar haƙa rijiyar burtsatse ta shigo unguwar. Majemi na tsaye da guga a hannu ta wuce shi, ta tsallaka titi. Ba a jima ba gugan nasa ya fara dawowa a bushe. Fatun da ke rami suka ruɓe, wari ya kai wa dillalai labarin da ya yi ta ɓoye musu, suka kwashe abin da ya rage.

Da gwajin ya ƙare matar nan ta zagayo don jin yadda mutane suka ga abin. Ta tarar da ramuka sun tsattsage, majemi na zaune a bakin rijiya yana kwance ƙulle-ƙullen igiya. Ta ce, "Baba, mu fa a wajenmu majema ce ta fi ko'ina lafiya." Ya buɗe baki zai ba ta amsa, sai ya ji abin da ke shirin fitowa shi ne da godiya. Ya rufe bakinsa, ya ci gaba da kwance igiya.

Ban ce maka duk wanda ya faɗi damuwarsa ana share masa hawaye ba. Sau da yawa faɗa ake yi a sha iska, shi ya sa muka gaji. Amma in an kira ka an ce faɗi yadda za a tambaye ka, tashi ka je ko da jan ƙafa ne, don Hausawa sun riga sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.