Madubin Kaka

Bayan la'asar muka hau dutsen bayan gidanmu. Kaka ya zaro madubin hangen nesansa daga jakar fata mai warin man shanu. Da shi yake hango tsuntsayen jan-baki tun kafin su far wa dawarmu.

"Masu ƙera wannan da madubin bindiga suka fara," in ji shi. "Ba abin wasa ba ne."

Ni na ɗauko jakar tun daga gida, amma ƙanena, mai sunansa, Kaka ya rataya wa madubin.

"Takwara, me ka hango?"

Sakaran ta baya ya leƙa! "Kaka, gonar ta gudu!"

Kaka har da hawaye don dariya.

Madubin yana wurin ƙanen nawa har yau. Na sayi nawa, ya fi shi gani. Amma ba ya warin man shanu.