Gajimare Ya Daina Zuwa Asibiti

Kowace safiya, da an idar da sallar asuba, Ustaz Attahiru yakan hau gefen tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonakin ƙauyen, domin nan kaɗai shabaka, wato sabis, ke kama waya. Ya jingina wayar da tubali, ya ware ƙafafu, ya ɗaga hannuwa kamar mai rungumar randar da ba a gani. Sunan abin qigong, wani motsa jiki na sarrafa numfashi. Shekara talatin ya yi yana koyar da kimiyya a garin Abu Hujar, bai taɓa cin karo da wannan iskar da aka ce tana yawo a jikin mutum ba.

Mutanen ƙauye suka ce ciwon baya ne, ya bar su a haka. Liman ya tambaye shi ko akwai sujada a ciki. Ya ce babu, tsayuwa ce kawai, ita ma ba ta kai mutum ko'ina.

'Yarsa Hanaa ce ta gano ƙungiyar masu qigong ɗin bayan wata biyu tana tone-tone a intanet. Ta saya masa sabon layin da ba wanda ya sani, ta shigar da shi. Mutum ashirin da 'yan kai ne masu bin tafarkin Tao, wata tsohuwar falsafar gabas, kowa cikin ɗan akwatinsa a fuskar waya, daga Alƙahira, Amman da wasu biranen masu wutar lantarki. Da Larabci ake magana. Malamarsu mata ce mai sanyin murya, dokarta kuma ɗaya: sunan yanka a bar shi a bakin ƙofa kamar takalmi. Attahiru ya zama Dutse. Kyamararsa kullum a rufe, ya ce shabaka ce ba ƙarfi. Rabin gaskiya ne.

Akwai wani saurayi a Alƙahira da ake kira Gajimare. Ranar da ake hira kan sunaye, ya ce shi barin nasa bai dame shi ba, dama ba a cika amfani da shi a gidansu ba. Aka yi dariya. Ban da Dutse.

Gajimare na da ciwon ƙoda. A farkon damina ya sanar da ƙungiya cewa ya daina zuwa wankin ƙoda, numfashi ya ishe shi. Akwatuna suka cika da hotunan furanni. Attahiru ya san aikin ƙoda, ya sha zana ta a allo da alli. Ya rubuta a zauren ƙungiyar, cikin ladabi, cewa numfashi ba ya tace jini. Kafin ya sauko daga tur'a an goge saƙon, da bayanin cewa tsoro ma cuta ne. Ya aika wa saurayin shi kaɗai. Amsa ta zo bayan kwana biyu: "Na gode, ɗan'uwa Dutse. Ka saki tsoro."

Daga nan sai kallo. Fuskar ta kumbura, idanu suka shige ciki. Saurayin da ke tsayuwar rabin awa ya koma yi a zaune. Kafaɗarsa ta hagu, wadda dama ta ɗan fi ta dama sauka, ta ƙara sauka.

Idan Attahiru ya dawo gida, matarsa Hadizatu ba ta tambayar bayansa. Tana juya kisra, siririyar wainar dawa, a kan wuta, idonta a kan tanda, sai ta ce, "Mutumin fa?"

"Yana nan."

"Ya ci abinci?"

"Ba a cin abinci a waya, Hajja."

Ranar wata Talata malama ta yi albishir: gobe Gajimare zai shiga keɓewa ta kwana arba'in, ba waya, ba magani, ba baƙo. Attahiru ya yi lissafin da kowane malamin kimiyya zai yi. Kwanakin da suka rage wa saurayin ba su kai arba'in ba.

Hanaa ta ce, "Baba, rubutu ya ƙare. Ka buɗe murya ka kira shi da sunansa na gaskiya. Ko sun kore ka, shi dai ya ji."

"Sai dai shabaka," in ji shi.

Washegari shabaka ta kama sarai, abin da ba ta saba ba. Hadizatu ta biyo shi har tur'a a karon farko, ta tsaya a baya, ta juya fuskarta wajen gonakin auduga. A waya kowa na yi wa Gajimare ban kwana ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa idonsa a rufe, hannuwansa a kan ciki.

"Ɗan'uwa Dutse, ko kana da kalma?" in ji malama.

Attahiru ya danna. Ya buɗe baki. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kiran sunayen yara sittin kowace safiya ba tuntuɓe, harshensa ya manne da ganɗa. Ya waiwaya.

"Ke ki kira shi."

"Ni?" Ta ja mayafi ta rufe baki. "Kai dai, Ustaz. Kai ne mai boko."

Ya sake juyowa ga wayar. Iska ce kawai ta fita, irin wadda malama ta yi wata shida tana koya masa fitarwa a hankali.

"Shiru ma kyauta ce," in ji malama. "Mun gode."

Akwatunan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Na Gajimare ne na uku.

Suka daɗe a tsaye, ruwan tur'a na wucewa. Sa'id, sunan yankan Gajimare: suna ne gajere, Attahiru da kansa ya raɗa shi a kunnen jariri shekara talatin da biyu da suka wuce, kuma daga ranar, shi da Hadizatu ba wanda ya sake furta shi, don a gidan mutunci ba a kiran sunan ɗan fari.