Watan da Zuwena Ba Ta Karɓar Baƙi

"Afrilu? Kada ma ka soma," Zuwena ta ce wa Baturen da ya bugo waya. "Ruwan sama ba dare ba rana, ga sauro kamar su ɗauke mutum. Bari sai Yuli."

Ƙaninta Kombo, wanda ya iso jiya daga birni wai zai gyara mata harkar masaukin baƙinta na bakin tekun Jambiani, ya dafe kai.

"Haba Yaya! Wane irin ruwa? Da safe ya zuba, kafin azahar gari ya washe. Ga iska mai daɗi, ga teku shiru. Ɗakunan haka za su zauna ba kowa?"

"Wa ya ce maka ba kowa?"

Ta ja shi zuwa baranda. Kujerun shan iska duk a cike suke. Mahaifiyarsu, Bi Mtumwa, ta miƙe ƙafa ta sha lalle, ƙawayenta masu noman ciyawar teku sun kewaye ta suna shewa. Matan da masu gadin manyan otel-otel ke kora daga bakin ruwa, wai kada su ɓata wa baƙi hoto.

"Duk shekara mu ke yi musu shimfiɗa," Zuwena ta ce. "Wannan watan ya fi kowanne daɗi, kuma ba na sayarwa ba ne."

Wayar ta sake ƙara. Ta kifa ta.

Bi Mtumwa ta ɗaga kofi. "Kai, yaron otel! Ƙaro mana ruwan kwakwa."