Zaren da Lamyai Ta Yanke

Saura minti ashirin a kira Lamyai kan dandamali a gasar ƙirar jiki ta mata a Bangkok. Shekara tara tana wannan sana'a, kuma kullum saurayinta Thawin ne ke shafa mata man duhunta fata don tsoka ta fito.

Ya gama da kafaɗu, ya kamo hannunta, sai ya tsaya. Babu komai a wuyan hannun.

Shekaranjiya, a wurin baikonsu, mahaifiyarsa ta ɗaura mata farin zaren albarka a wuyan hannun. A al'adarsu kwana uku ake barinsa, kuma kwancewa ake yi, ba a yankewa.

"Ina zaren Inna?"

"Zai sha mai ya ɓata min hannu, Yaya. Alƙalai ba sa ƙyale komai." Ta kasa ɗaga ido.

Ya hango zaren kusa da almakashi. Ya ɗauka, ya gwada zagaya mata shi, bakin biyu suka ƙi haɗuwa.

"Da kwancewa kika yi, da na mayar miki bayan gasa."

"Ta ƙulle shi tam. Na yi ta fama."

"Ai da gangan ta ƙulle."

Aka kira lambarta. Thawin ya shafe wuyan hannun da mai har ya saje da sauran jikinta, ya sa zaren a aljihu.

"Zan tarar da kai a nan?" in ji Lamyai.

"Je ki," ya ce. "Ki yi murmushi, suna ba da maki a kansa."