Baƙon da Yaya Ta Gani

Ranar Talata ce, ana tafka ruwan sama. Auta yana kwance yana kallon ƙwallo a waya, sai yayarsa ta leƙa taga.

"Auta, ga wani mutum a tsakar gida."

Bai ko ɗago ba. Tun da ciwon lupus ya taɓa mata ƙwaƙwalwa take ganin mutanen da babu su, kuma likita ya ɗora ta kan magani, ya hana a yi musu da ita.

"To Yaya, ki gaishe shi."

"Ya ɗauki janareta fa."

"Ki ce ya dawo ya haɗa da babur ɗina."

"Ai ya dawo."

Da ruwa ya tsagaita, Auta ya fito ya tarar da ƙofa a hangame. Ashe maganin Yaya ya fara aiki, mutum na gaske ta gani.

An rasa janareta ɗaya, babur ɗaya, da tukunyar gas ɗin Mama, wadda ko Yaya ba ta ga fitarta ba.