Amsar da Intanet Ta Ba Zuliha

Zuliha ta sake duba wayar, har yanzu ba amsa. Ta ajiye ta kan tabarma, ta leƙa tukunya, ta dawo ta ɗauka.

Jiya ƙanwarta Jannat ta koya mata. "Yaya, ki buɗe burauza, wato manhajar bincike, ki rubuta tambayarki a ɗan akwatin nan, ki danna kibiya. Intanet ta san komai, kuma ba ta kai gulma."

Abin da Zuliha ke so ke nan. An daɗe da kawo ta Kankia ba ko ɓari, ga shi yanzu jikinta ya canza. Ko mijinta ba ta gaya wa ba, tana tsoron a yi murna a banza.

Tun da hantsi ta rubuta, "Mene ne alamomin ciki?" amma shiru.

Ta zaga tsakar gida, ta ce ƙila bayanin ne bai isa ba. Ta ƙara da cewa, "Wata biyu ban ga al'ada ba, kuma warin daddawa na tayar mini da zuciya." Ta danna kibiya.

Sai wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne! Ashe intanet har magana take yi. Ta kara a kunne.

"Zuliha, ɗiyata, wallahi ciki ne!" Muryar surukarta ce, tana kuka tana dariya. "Amma nan guruf ɗin danginmu ne na Wasaf, har surukinki ya sa an karanta mashi. Kar ki ɗaga ko bokiti, ga ni nan tafe daga Kusada!"