Numfashin Iya Tasalla

Ku yi haƙuri da ƙarambanina. Ni dai karatu na sani, ban taɓa rubuta labari ba.

Tun da ƙasar garinmu ta daina karɓar shuka, kowane gida yana da tantin roba a ɗaka. A namu tumatir muke nomawa. Saboda bushewar iska, kowa yana da lokacin da zai shiga ya zauna, numfashinsa ya ba ganye danshi. Bayan la'asar lokacin kakata ne, Iya Tasalla.

Yau kwana arba'in da rasuwarta, amma kullum bayan la'asar sai allurar ma'aunin danshi ta haura.

"Sa'ade, je ki buɗe tagar tanti," in ji Inna. "Tumatir ya fara fumfuna."

"Inna, ai ba mai shiga yanzu."

"Na tambaye ki? In ya ruɓe, littattafanki za mu ci?"

Na shiga. Kujerar Iya tana nan a kusurwa. Daidai inda fuskarta ke kaiwa, raɓa na taruwa a jikin robar, ta dushe, ta sake taruwa, a hankali, kamar yadda take numfashi in tana lazimi.

Na kama igiyar tagar. "Iya, ki yafe mini, abincinmu ne."

Na ja. Robar ta bushe. Na daɗe ina jira, raɓar ba ta dawo ba.

Da na fito, Inna na wanke-wanke, ba ta ɗago ba. Na riƙe takalmana a hannu, na sulale ta bayanta, don ba na so mu haɗa ido.